Ta Inda Hoton Kano Ke Shigowa Dungas

A Dungas, idan abu ya lalace, addu'a biyu ake yi: Allah ya kawo mai gyara, Allah kuma ya sa kada Tanko ya ji labari. Ta biyun ba ta cika karɓuwa ba, don Tanko yana jiyo ƙarar abin da ya lalace tun daga bayan gari. Ya taɓa yin rani guda a wani garaj a Damagaram yana wanke ƙarafa da kananzir, ya dawo da sifana ɗaya da baƙin tabarau, shi ke nan ya zama makanise, wato bakanike. Shi ya taɓa keken ɗinkin Bubakar tela, keken ya koma ɗinki da baya. Shi ya buɗe fitila mai famfo ta masallaci, ya mayar ya rufe, ƙananan ƙarafa suka ragu a tafin hannunsa, ya ce dama na ado ne. In ka ji ta bakinsa kuwa, ranar da zai baro Damagaram mai garaj har ƙwalla ya yi. Ƙwallar dai an yi ta, sai dai ba a tantance ko ta mece ce ba.

A shekarun da suka biyo bayan babban fari, lokacin da gyaɗa ta ja baya wake ya samu kasuwa a Najeriya, Alhaji Maikano mai fataucin wake ya sayo tele, wato talabijin, daga Kano, irin mai aiki da batirin mota. Wani Bakano ya biyo shi ya kafa masa antan, ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke kamo hoto, a kan dogon bututu a tsakar gida, dab da rumbu. Hoton yana zuwa dishi-dishi, kamar ana hangen mutane cikin ruwan sama, amma yana zuwa, gari kuma yana taruwa. Da kaka sai wata guguwa ta shigo gidan ba sallama, ta tumɓuke bututun ta kwantar da shi a kan zana. Aka tayar, aka sake kafawa, aka kunna. Babu kowa a cikin akwatin sai ɗige-ɗige fari da baƙi suna tafasa, da wata ƙara irin ta ƙosai a mai. Aka rasa wanda ya tuna inda hancin antan yake kallo a da, don kowa akwati yake kallo, ba wanda ya taɓa ɗaga kai sama.

Ana cikin haka Usmanu direba, wanda ke jan kamyon Alhaji, babbar motarsa ta kaya, ya dawo daga Kano da labari. Ya ga Tamu, ƙanen Tanko, wanda ya tafi ci-rani shekarar fari bai sake waiwayo gida ba. Ashe ɗan kokawa ya zama, har za a nuna karawarsa a telen Kano ranar Asabar bayan la'asar. Tsohuwarsu Hinda tana tsinkar zogale aka faɗa mata. Ta ajiye ƙwaryar. Tun tafiyar yaron saƙo kawai take gani, yau turmin atamfa, gobe sabulu, ga idonta ya fara hazo. Can ta ce ita ba ta san kokawa ba, ba ta san tele ba, amma in akwai yadda za a yi ta ga fuskar ɗanta ko sau ɗaya tun idon yana gani, tana so.

Tanko ya bugi ƙirji har tabarau ya zamo masa kan hanci.

"Fuska kawai, Inna? Har gumin goshinsa sai kin gani. Aikin nan a hannuna bai kai shan fura ba."

Matarsa Furera tana bakin murhu, ba ta ko juyo ba ta ce, "Malam, keken Bubakar fa har yanzu da baya yake tafiya."

"Wannan keken tun daga kamfani a juye yake. Ni na gano."

Ya saɓa sifana ya nufi gidan Alhaji. A makon nan kuwa Alhaji yana da baƙo a zaure, wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, daga Magariya da aka turo aiki, mutum marar yawan magana, daga shayi sai goro. Alhaji yana tattalinsa kamar ƙwai, kuma da dalili. Ba duk waken Alhaji ke hawa kamyo ba. Wani yakan hau jakuna ya ɓulle ta bayan gida, ya miƙe daji kudu maso yamma, ya wayi gari a Najeriya ba tare da ya gaisa da kowa ba. Duk Dungas an san haka, kuma duk Dungas ba wanda ya sani.

Tanko ya zagaya bututun, ya ƙwanƙwasa shi da sifana, ya kasa kunne, ya girgiza kai irin na wanda ya ga ɓarna. Mutane suka taru. Ya ce ciwon a fili yake, antan ya ɓata hanya ne. Ya tambaye su sukari in ya taso daga Kano ta ina yake zuwa, suka ce ta Magariya. Atamfa fa, suka ce ta Magariya. Ita kanta telen ta ina ta zo, suka ce ta Magariya. Ya ce to hoto ɗan gidan wa ne da zai bi wata hanya dabam? Usmanu direba ya ba da shaida cewa tun da yake tuƙi bai taɓa isa Kano ba sai ya fara ratsa Magariya. Magana ta zauna: hancin antan yamma zai kalla, daidai hanyar mota.

Alhaji ya matso ya rage murya. "Da dai ka ɗan karkata shi kudu, Tanko. Kudu maso yamma haka, kaɗan."

Tanko bai san rage murya ba. "Kudu, Alhaji? Me ke kudu in ba daji ba? Wa ke bin can in ba jakunan 'yan fasa-ƙwauri ba?"

Baƙo ya ɗago kai daga kofin shayi. Alhaji ya kama tari, da ya lafa ya ce shi ma ji ya yi ana faɗa, a bi Magariya, ita ce hanyar hukuma.

Aka juya hanci yamma, aka kunna. Ƙosai ya ci gaba da soyuwa. Tanko ya ce dama ya san za a yi haka, bututun ne gajere, hoto yana wucewa ta sama. Ya sa aka nemo doguwar gora aka ɗaura a kan bututun da igiyar kaba, antan ya ƙara nisa da ƙasa, hoto bai ƙara kusa ba. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, sai ga wata fahimta ta zo masa. Hoton yana isowa lafiya lau, in ji shi, amma yana zurarewa ta tsakanin haƙarƙarin, kamar a ɗebi ruwa da kwando. Abin tarewa ake bukata a baya.

Furera ta dawo daga rijiya ta tarar da ƙusa tsirara a bangon ɗakinta, inda farin daronta na aure yake rataye. Ba ta sha wahalar nema ba, don duk wanda ke Dungas yana iya ganinsa. Ta tsaya a ƙofar gidan Alhaji da tulu a ka.

"Malam, daron wa nake gani a sama?"

"Naki ne. Duk ƙasar Magariya wace mace aka taɓa ɗaga daronta haka?"

"Ka huda shi?"

"'Yan ƙanana ne, na shan iska."

"To in ya gama kamo Kano, ka ce ya kamo mini wani daron."

Daron bai kamo Kano ba, amma ya kamo rana. Da la'asar ya riƙa walƙiya yana kashe wa masu dawowa daga gona ido, jakin wani ya yi tutsu ya zubar da dammunan gero a hanya, wani tsoho kuma ya zo har zaure yana tambaya ko watan ne ya tsaya da rana tsaka. Tanko ya ce duk alamun nasara ne: abin da ya iya kama rana, hoton Kano ba zai gagare shi ba.

Daga nan ya fito da babban shirin da ya ce tun farko shi yake ɓoyewa. A Turai, in ji shi, mutum ba ya hawa sama juya antan kamar mai kaɗar kanya. Inji ake sa masa, ya riƙa juyawa da kansa yana farautar tasha. Ya dubi kamyon Alhaji, ya dubi Usmanu, ya tuna masa cewa damina ta wuce, injin share gilashi zaman banza yake yi har baɗi. Usmanu ya yi gardama kaɗan, aka yi masa alkawarin za a riƙa ambaton sunansa duk inda aka ba da tarihin aikin, ya saki. Tanko ya kwance injin da makunninsa, ya ɗaure a kan gora, ya ɗora antan da daro a kan hannun injin, ya zuro waya har ƙasa. Ya ce daga ranar Asabar antan zai riƙa zagaya duniya: Kano don Tamu, Yamai don labarai, Makka don Alhaji, Faransa kuma don baƙo. Aka ce a gwada mana. Ya ce batir ba abin wasa ba ne, kuma aikin gwani ba ya bukatar gwaji.

Ranar Asabar tun kafin la'asar tsakar gidan Alhaji ya cika. Aka ɗora tele a kan turmi a inuwar rumfa, ta ba rumbu baya. Maza a gefe, mata a bayan zana suna leƙe, baƙo a kujera mai hannu, Hinda kuwa aka shimfiɗa mata tabarma gaba da kowa. Ta sa atamfar da Tamu ya aiko, wadda ba ta taɓa ɗaurawa ba. Tanko ya ga haka, ya gyara tabarau ya ce kowa ya yi shiru, za a tashi inji.

Ya haɗa waya da batirin kamyo, ya murɗa makunni. Antan ya motsa, jama'a suka ɗaga kai. Ya taho hagu a hankali da daronsa, ya kai iyaka, maimakon ya zarce sai ya komo dama. Ya sake tafiya hagu, ya sake komowa. Abin share gilashi ne, bai san wani aiki ba sai wanda ya saba, ga shi can yana share sararin Dungas.

Bubakar tela ya tambaya yaushe za a isa Makka. Tanko ya ce injin yana ɗumama jiki ne.

Sai wata mata daga bayan zana ta ce ta ga mutum. Aka sauke kai. Duk lokacin da hancin antan ya kai ƙarshen hagu, wajen kudu, sai ɗige-ɗigen su dare, fili ya bayyana da 'yan kallo da makaɗa, kiɗa ya faɗo kunne, kafin a ƙifta ido ya ɓace. Jama'a suka kama bin abin da baki: ya zo, ya tafi, ya zo, ya tafi. Har jikinsu ya ɗauka, tsakar gida kaf tana rangaji hagu da dama. An ga cinya, an ga laya a damtse, an ga ƙeyar wani. Hinda ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi tana tambaya wannan ƙafar ta wace ce.

Aka ce Tanko ya tsayar da shi daidai inda hoton yake. Ya jira, da aka ce ya zo, ya kashe makunni. Antan ya ƙarasa tafiyarsa cikin natsuwa, ya koma ya kwanta yana kallon Magariya. Usmanu ya ce ai haka yake, ko a mota in ka kashe shi ba ya tsayawa a tsakiya, sai ya koma makwancinsa. Tanko ya ce me ya hana shi faɗa tun farko. Usmanu ya ce ba a tambaye shi ba, sunansa kawai aka ce za a ambata. Alhaji yana zaune gumi yana bin wuyansa, ya san abin da ya kamata a yi sarai, ga baƙo a gefensa yana tauna goro.

A walƙiya ta gaba aka ji mai sanarwa ya ambaci Dungas. Hinda ta dafe ƙirji.

Nan Tanko ya yi lissafinsa na ƙarshe. Tunda kowace tafiya tana kawo guntun hoto, in ji shi, in injin ya ƙara sauri guntayen za su haɗe, ba za a ga tsakani ba. Ya roƙi baƙo aron batirin motarsa, baƙo ya ɗaga kafaɗa ya ce a ɗauka. Ya haɗa batir biyu baki da baki, ya murɗa.

Antan ya haukace. Daro ya kama kaɗawa yana ƙara, gora tana lanƙwasa, igiyar kaba tana kuka, kajin Alhaji suka watse, wani hayaƙi mai wari ya fara fita daga injin. Tanko ya ga gorar za ta tafi, ya jingina tsani a rumbu, ya haye kan jinka ya rungume ta. Igiyar ta tsinke. Gora da antan suka zo masa a hannu, wayar inji ta katse, jinka ta buɗe a ƙarƙashinsa, ya nutse cikin dammunan gero har ƙirji. Daro ya ɓalle daga sama, ya juya sau ɗaya a iska, ya kife masa a ka.

Dariya ta taso, amma ba ta kai ga fashewa ba, don kiɗa ya cika gidan. Hoto ya tsaya cak, tar da shi, yadda ko Bakanon da ya kafa bai taɓa samu ba. Gorar tana hannun Tanko a karkace, hancin antan ya miƙe kudu maso yamma. A tsakiyar gilashi ga wani ƙato ya durƙusa yana ɗibar ƙasa yana murzawa a hannu. Ya ɗago kai.

Hinda ba ta yi kuka ba, ba ta yi guɗa ba. Hannu ta miƙa ta shafa gilashin, ta ce, "Shi ne. Ya yi gashin baki irin na ubansa."

Daga cikin daro murya ta fito tana amsa-kuwwa. "A cire mini wannan abin in gani."

Ya ɗan motsa, hoto ya yi rawa, gidan gaba ɗaya ya kira sunansa. Wani ya nufi tsani, Alhaji ya ce kada wanda ya taɓa rumbun nan, ko ƙuda ne a kore shi. Ga ƙaiƙayin gero ya shiga rigar Tanko, ya bi baya, ya gangara wando. Duk wanda ya taɓa shiga rumbu da zafin rana ya san abin da ake nufi. Hannu biyu suna kan gora, ba na susa. Ya fara karkarwa, hoto ya fara yayyafi.

Hinda ba ta ɗauke ido daga gilashi ba. Ta ce, "Tanko, don Allah kada ka motsa."

Bai motsa ba. Tun da aka haife shi ba a taɓa ganin ya yi shiru ya tsaya wuri ɗaya ba sai ranar. Yana jin kiɗa, yana jin jama'a suna cewa ya kama, ya sulle, ya ɗaga shi. Shi ma rabonsa da ƙanensa tun shekarar fari, shi ya raka shi har bakin kasuwa ya riƙe masa ƙunshin kaya, kuma yana son ganinsa ƙwarai. Abin da yake gani kawai cikin daron Furera ne, da ɗigon haske ta hudojin da ya yi da hannunsa.

"Inna, ya yi ƙiba?"

"Ya yi. Yana cin abinci."

"Tabon goshinsa fa?"

"Yana nan. Yi shiru, hoton yana rawa in ka yi magana."

Ba a daɗe ba gidan ya yi wani dogon nishi. Abokin karawar ya sa wa Tamu ƙafa, ya kai shi ƙasa. Tamu ya tashi yana kakkaɓe jiki yana dariya, aka nuna fuskarsa dab, sannan aka shiga wani shiri. Hinda ta goge ido da bakin mayafi, ta yi hamdala, ta ce yau 'ya'yanta biyu duk sun sha ƙasa, amma gara na Kano, shi an yi masa kiɗa. Sai a lokacin dariyar da aka riƙe ta fashe, har mata suna dafa zana.

Baƙo ya tashi daga kujera, ya tsaya a gindin rumbu, ya bi hancin antan da ido. Hancin ya haye zana, ya wuce bayan gida, ya nuna daidai wata 'yar siririyar hanya da kofaton jakuna ya daddaɓe, ta shige daji.

"Ashe nan Kano take, Alhaji. Kusa ma."

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Ni ma yau na sani."

Baƙo ya ce hoto dai ba a karɓar masa duwan, ya nemi a mayar masa da batirinsa.

Aka kafa gora a jikin rumbu yadda take, aka ɗaure tam, sannan aka zaro Tanko kamar rogo. Furera ta karɓi daronta ta ɗaga shi a rana tana duba hudojin. Tanko yana susa da hannu biyu yana bayani cewa dama rumbun ya nufa, gero yana jan hoto, sirri ne da ba kowane makanise ya sani ba. Usmanu ya tambayi injinsa, aka miƙa masa wani abu baƙi mai ɗumi. Tanko ya ce kafin damina zai gyara, Usmanu ya rungume abinsa ya ja da baya.

Ranar kasuwa Hinda da Furera suka ratsa ta rumfar masu shayi, suka tarar an kewaye Tanko. Yana ba da labarin kokawar, har da tashi tsaye yana gwadawa: yadda Tamu ya shiga fili, yadda ya kalli tele ya ɗaga wa Dungas hannu, yadda ya sunkuci ƙaton nan ya juya shi a sama ya maka shi da ƙasa har makaɗa suka yar da ganguna. Waɗanda suka gani da idonsu suna zaune a wurin, sun saki baki. Furera ta gyara tsayuwa, ta buɗe baki za ta yi magana. Tsohuwa ta kama hannunta.

"Ƙyale shi," in ji Hinda. "Duk garin nan shi kaɗai ne bai gani ba."